Tambayoyi da amsoshi kan ƙara wa babur fitilun LED a Zariya

Duk wanda ya saba tasowa daga Sabon Gari bayan sallar isha'i, ya bi ta Kwangila ya nufi Samaru ko Shika a kan babur, ya san cewa fitilar da mashin ya zo da ita daga kamfani ba ta cika wadatarwa ba da zarar an wuce inda hasken shaguna ya ƙare. Wannan ne ya sa ƙananan fitilun LED suka cika gari, wasu an ɗaura su da tsari, wasu kuwa an rataya su ne kawai suna dallare duk wanda ya tunkaro. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu babura suka fi yi kafin saye da kuma bayan an riga an ɗaura.

Mene ne ya bambanta fitilar LED da ƙwan da babur ya zo da shi?

Ƙwan da yawancin ƙananan babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue suke zuwa da shi na wat 35 ne, kuma a cikinsa akwai siririn zaren ƙarfe wanda wuta ke bi ya yi jajur har ya ba da haske. Mafi yawan wutar da irin wannan ƙwai yake sha zafi take komawa, kaɗan ce take zama haske. Ita LED ba ta da zare, wata 'yar ƙwaya ce da ke haskakawa idan lantarki ya ratsa ta, saboda haka gargada ba ta tsinka mata komai. Farin hasken da muke gani asalinsa shuɗi ne, an lulluɓe ƙwayar da wani sinadari mai ruwan ɗorawa wanda ke mayar da shi fari, kuma a kan gano shuɗiyar LED ɗin ne aka bai wa masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014. LED mai inganci tana ba da kusan lumen 100 (ma'aunin yawan haske) a kan kowane wat ɗaya, alhali ƙwan wat 35 bai kai lumen 1000 ba gaba ɗayansa. Ke nan fitilu biyu masu wat 10 kowace za su iya ninka hasken babbar fitila, kuma wutar da za su sha ba ta kai tata ba.

Babban abokin gabar LED shi ne zafi. Shi ya sa mai kyau take zuwa da jikin alminiyam mai haƙarƙari a baya domin iska ta riƙa sanyaya ta. Wadda jikinta roba ne, ko ta burge a shago, zafin Maris da Afrilu zai dusashe ta, haskenta ya koma shuɗi-shuɗi kafin ta mutu.

Ba zai fi sauƙi a canza ƙwan babbar fitila kawai ba?

Ya fi sauƙi, amma ba kullum yake biyan buƙata ba. Madubin da ke bayan ƙwan an ƙera shi ne domin ya tattara hasken zare da ke zaune a daidai wuri guda, to idan aka saka ƙwan LED wanda ƙwayoyinsa ba su zauna a wannan gurbi ba, sai hasken ya warwatse, dim da ful su zama ɗaya, mutanen da ke tahowa su wahala, kai kuma ba ka ga nesa ba. Wanda ya nace sai ya canza, ya cire tsohon ƙwan ya je da shi kasuwa, domin gindinsu ya bambanta: akwai BA20D, akwai P15D, akwai H4, kuma ba sa shiga gurbin juna. Kafin ma a kai nan, yana da kyau a wanke gilashin fitilar, a duba ko madubin ciki ya yi tsatsa, a kuma kankare inda wayar ƙasa ta kama jikin babur. Sau da yawa duhun da ake ɗora wa ƙwai laifinsa daga waɗannan wurare yake.

An rubuta wat 125 a jikin kwalin, gaskiya ne?

Kusan kullum ba gaskiya ba ne. Fitilar da ba ta wuce girman dunƙulen hannu ba, da wuta mai yawan haka take sha da ta narke cikin 'yan mintuna. Hanyar gane gaskiya ita ce a auna da mita: a haɗa fitilar da batir, a ga amfiya nawa take ja, sannan a ninka da bolt ɗin batirin. Idan ta ja amfiya 0.8 a kan bolt 12, to wat ɗinta bai kai 10 ba, ko me aka buga a kwali. Wannan ƙarya tana da ɗan amfani ta wata fuska, domin da a ce rubutun gaskiya ne babu ƙaramin babur da zai iya riƙe ta. Abin da ya kamata mai saye ya duba shi ne nauyin jikinta a hannu, da kaurin wayarta, da ƙarfin ƙafar da za a ɗaure ta da ita, sannan ya sa mai shago ya kunna masa ita a jikin bango ya ga siffar hasken kafin ya biya kuɗi. Wadda haskenta yake da yankakken baki a sama, kamar an ja layi, ta fi wadda ke feso haske ko'ina daraja, ko da a ido ta biyun ta fi ƙyalli.

Yaya zan san ko babur ɗina zai iya riƙe su?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata a fara da ita, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Babur ba ya ƙirƙiro wuta daga batir, daga koyil ɗin da ke cikin injin take fitowa, batir ma'ajiya ce kawai. Koyil ɗin ƙaramin babur an yi shi ne daidai da buƙatar fitilu da hon da sigina, rarar da ya bari ba ta da yawa, batirin kuma yawanci tsakanin 2.5 ne zuwa 7 a ma'aunin Ah, wato yawan wutar da yake iya ajiyewa. Idan abin da ake zuƙa ya fi abin da koyil ke mayarwa da amfiya 2, batir mai Ah 5 zai ƙare ƙarƙaf cikin awa biyu da rabi a lissafin takarda, a zahiri kuwa sitata za ta daina juyawa tun kafin nan.

Abu na farko shi ne a gane irin wutar da ke zuwa babbar fitila. A murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, a kunna fitila. Idan ta kama, wutar DC ce daga batir. Idan ba ta kama ba sai an tayar, kuma haskenta yana ƙaruwa idan an ja mai yana raguwa idan an saki, to wutar AC ce kai tsaye daga koyil, kuma haka babura da yawa na kik suke. LED wutar DC take so. Idan aka jona ta a wayar AC za ta riƙa ƙyaftawa a silo, kuma kwananta ba zai yi yawa ba, don haka daga ɓangaren batir ake ɗauko mata wuta.

Abu na biyu shi ne gwajin caji, wanda bai wuce aikin minti biyar ba a wurin mai wayarin. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan injin a kashe yake, idan kuma an tayar an ɗan ja mai ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Sai a kunna duk fitilu har da sababbin, a taka birki domin jar fitilar baya ta kama, a sake ja. Muddin allura ta tsaya sama da 13, babur yana riƙe da kayansa. Idan ta sauko ƙasa da 12.6 tana ci gaba da zamewa, to ana cin uwar kuɗi ne, kuma mafita ita ce a koma wa ƙananan fitilu ko a rage wani nauyin. A ganina wat 20 zuwa 24 gaba ɗaya ya ishi babur mai injin 100 zuwa 125. Akwai masu gyara koyil su cire wayarsa daga jikin injin, su saka rektifaya mai waya huɗu domin duk wutar ta koma DC, kuma aikin yana yi, sai dai ba kowane hannu ake bai wa shi ba, domin kuskure kaɗan ne yake ƙona koyil.

Yaya ake haɗa wayar yadda ya dace?

Abubuwa uku ne ba a yin sakaci da su: fiyus, da rile (makunnin da 'yar wuta kaɗan ke kunnawa domin ya wuce da wuta mai nauyi), da bi ta makulli. Jar waya tana tasowa daga kan batir mai alamar tarawa, kuma kafin ta yi nisan taƙi ɗaya sai a saka mata fiyus. Fitilu masu wat 20 gaba ɗaya amfiya 1.7 suke ja, saboda haka fiyus na amfiya 5 ya wadatar. Amfanin sa shi kusa da batir shi ne, idan waya ta goge a jikin ƙarfe a ƙarƙashin tanki, fiyus ɗin ne zai tsinke kafin roba ta kama da wuta kusa da fetur. Wanda ya tsinke masa fiyus ya naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbinsa, ya cire mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Rile ɗin da aka saba da shi yana da ƙafa huɗu masu lamba a jiki. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir ta bayan fiyus, 87 ita ke kai wa fitilu, 85 tana zuwa jikin babur, 86 kuma tana karɓar 'yar wutar umarni daga sabon makunni, wanda shi ma ya ɗauko ta daga wayar da ba ta da wuta sai an murɗa makulli. Da wannan tsari wuta mai nauyi ba ta bi ta cikin siraran wayoyin kamfani, kuma da an zare makulli komai ya mutu. Waya mai kaurin milimita murabba'i 1 zuwa 1.5 ta isa, a like mahaɗa da dalma a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, domin salatif kaɗai yana warwarewa idan rana ta buge shi. A bi da wayar ta gefen tsohuwar damin wayoyi, nesa da kan injin da salansa, a kuma bar mata sassauci a wuyan babur, a karya kai hagu da dama har ƙarshe a tabbatar ba ta ɗamewa.

Batun makulli na koye shi ne a jikina. Wani mai wayarin ya taɓa jona mini fitilu biyu kai tsaye da batir, da na tambaye shi rile sai ya ce, "Malam, ai kowa haka nake sa masa, ba wanda ya dawo." Bayan mako biyu na je ta'aziyya Tudun Wada da hantsi, na jingine babur a ƙofar gida, yaran unguwa suka latsa makunni, da yake rana ta take babu wanda ya lura fitilu suna ci. Bayan azahar na fito na danna sitata, sai ƙas-ƙas kawai nake ji. Kik ne ya fitar da ni kunya a gaban jama'a, batirin kuwa tun daga ranar bai sake riƙe caji kamar da ba.

Wasu suna son ƙarin fitilun su riƙa kamawa tare da ful, su mutu da an koma dim, kuma wannan shi ne tsari mafi kyau ga fitilar da ke harba haske nesa. Sai dai idan wayar ful ta AC ce, rile zai riƙa ɓari yana ƙara kamar ƙudan zuma, sai an saka masa dayod da kafasita, ko kuma a haƙura da makunni na daban a kusa da babban yatsa.

A wane wuri ya fi dacewa a ɗaura su?

Wuri mafi kyau ga yawancin babura shi ne ƙarfen da ke kare ƙafa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Hasken da ya fito daga ƙasa yana kwanciya a kan titi, yana fitar da inuwar rami da tudu, sannan idan ya haɗu da babbar fitila a sama sai su yi siffar murhu mai duwatsu uku, wanda ke sa direban da ke tahowa ya gane babur ne, ya kuma ƙiyasta nisansa, maimakon ya ɗauka mota ce mai ido ɗaya. Illarsa ita ce fitilun ba sa juyawa tare da kai a kwana, kuma idan babur ya faɗi su ne farkon taɓa ƙasa, don haka a shigar da su ta cikin ƙarfen kada su leƙo waje.

Ɗaurawa a jikin shakazoba ta gaba yana sa haske ya bi kai duk inda aka karya, abin da ke da amfani a lungunan cikin Birni, amma ɓangaren ƙasa yana shan duk bugun da taya ta sha, kuma dole a danna gaban babur har ƙarshe a tabbatar fitila ba ta dukan komai, ba ta kuma matse wayar birki. Gindin madubi kuwa, ko da yake shi ne mafi sauƙin aiki, shi ne mafi muni, domin yana daidai da idon mai tahowa. Madigadin roba yana tsagewa. Ko'ina aka zaɓa, a yanko robar cikin tsohuwar taya a naɗa kafin a ɗaure, a yi amfani da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi, kuma wanda ke ajiye babur a bakin kasuwa ya sa noti mai ramin kusurwa shida, domin na gama-gari kowace sifana tana kwance shi.

Yaya ake saita su kada su kashe wa mutane ido?

A nan ne yawancin aikin yake lalacewa, kuma abin takaici shi ne gyaran ba ya cin ko sisi. A nemi fili mai shimfiɗe da bango da daddare, a tsayar da babur mita 5 daga bangon, mai shi ya hau ya zauna kamar yadda yake tuƙi. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayi. Saman hasken ya kamata ya tsaya ƙasa da layin da aƙalla santimita 5, wato kamar faɗin yatsu uku, idan kuma fitilar ba ta da yankakken baki a ninka wannan tazara. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, ke nan masu tahowa ta hagunka suke, saboda haka a ɗan karkata fitilun dama, inda masu tafiya a ƙasa da masu amalanke da awaki suke. Wanda ya saba ɗauko buhunan masara daga Giwa ko Soba, ko yake goya mutum biyu, ya sake gwajin da kayan a kai, domin nauyin baya yana ɗaga hancin babur, hasken da ke kan kwalta ya koma kan gilashin mota.

Gwaji na ƙarshe shi ne a sa wani ya zauna a kan babur, mai shi ya taka kamar taku talatin ya juyo, ya ɗan durƙusa daidai tsayin direban ƙaramar mota. Idan sai da ya kare fuskarsa da hannu, fitilar ba ta saitu ba. Maganar ba ta tsaya ga ladabi kaɗai ba. Idon da aka dallare yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya dawo daidai, motar da ke gudun kilomita 60 a awa kuwa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma a cikin waɗannan daƙiƙoƙi direban bai san inda gefen titi yake ba, bai san inda kake ba, a hanyar da ba a raba ta biyu ba kuwa kai ne mafi kusa da shi. Haka nan hasken da ya yi yawa a dab da tayar gaba yana tsuke ƙwayar idon mai tuƙi, sai ya ji kamar gari ya waye alhali ganinsa na nesa raguwa ya yi.

Fari ya fi ko rawaya a lokacin hazo?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauka, duk hasken da aka harba sama ƙura ce take maido shi cikin ido. Farar LED mai lamba 6000K a ma'aunin launin haske tana da shuɗi da yawa a cikinta, wanda ke gajiyar da ido, ita kuma rawaya mai 3000K ta fi sanyi ga mai tuƙi da mai tahowa. Faransa ta wajabta rawayar fitila ga motocinta tun shekarun 1930 har zuwa 1993. Amma kada a ɗauka rawaya tana huda ƙura kamar yadda masu shago ke faɗa. Abin da ya fi launi tasiri shi ne fitila ta kasance ƙasa kuma bakinta a sunkuye. Masu launi biyu a jiki ɗaya suna da amfani idan makunninsu yana ba da zaɓi kai tsaye, ba irin waɗanda sai an kashe an kunna sau uku kafin a dace da launin da ake so ba.

Me hukuma take cewa game da masu walƙiya da masu launi?

Shuɗi da ja masu walƙiya alama ce ta jami'an tsaro da motocin asibiti da na kashe gobara, kuma wanda ya ɗaura su a babur ɗinsa ya ba jami'an kiyaye haɗurra, hukumar da aka kafa a 1988, da 'yan KASTLEA, masu kula da dokokin hanya na Jihar Kaduna, dalilin tsayar da shi. Ƙa'idar da duniya ta saba da ita ita ce fari ko rawaya a gaba, ja a baya. Jan haske a gaba yana sa a ɗauka tafiya kake yi alhali tahowa kake, fari a baya kuma yana ruɗa na bayanka. Idan an tunkari shingen jami'an tsaro da dare, musamman a kusa da barikin Basawa ko a kan hanyar Kaduna, a kashe ƙarin fitilun tun daga nesa a koma dim. Haka ma cikin unguwa, inda mutane ke zaune a kan tabarma a ƙofar gida.

Za su jure wa damina?

Idan an rubuta IP67 kuma rubutun gaskiya ne, ƙura ba ta shiga, kuma fitila za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Wannan lamba ba ta shafi injin feshin masu wanki ba, don haka a hana su saita bakinsa a kan fitila. Ta wurin da waya ta fito ruwa ya fi shiga, sai a shafa gam na silikon a nan, a kuma lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta hau, domin ɗigo ya zube a gwiwar.

Fitila ta fara ƙyaftawa ko ɗaya ta mutu, daga ina za a fara dubawa?

A fara da wayar ƙasa, domin tsatsa a inda ta kama jikin babur ita ce ta fi kawo ƙyaftawa, sai a kwance a kankare har ƙarfe ya yi fari, a shafa ɗan giris a mayar. Idan biyun suka mutu lokaci guda, fiyus ne ko rile, kuma ana gane rile mai rai da ɗan ƙaran da yake yi idan an latsa makunni. Fiyus ɗin da ya sake tsinkewa bayan an canza shi yana nuna waya ta goge a wani wuri, galibi a wuyan babur ko ƙarƙashin tanki. Idan ɗaya ce kawai ta mutu, a musanya wa fitilun biyu gurbi: matsalar da ta bi fitila zuwa ɗaya gefen tata ce, wadda ta tsaya a gefenta na farko kuwa ta waya ce. Idan hasken yana dusashewa a silo yana dawowa da an ja mai, a koma kan mita a sake gwajin caji, domin batir ne ya fara gajiya ko rektifaya.